Yadda munka zaɓi ekiran ɗin zaurenmu



Tun ranar da anka kunna sabon ekiran a zauren taron unguwarmu, wayarmu ba ta huta ba. Masu gidajen biki, shugabannin ƙungiyoyi, har da wani mai makarantar kuɗi, kowa tambayarshi guda ce: metir nawa ne, kuma nawa kunka saye shi? Mu ma da wannan tambayar munka fara, kuma saura ƙiris ta sa mu zubar da kuɗin jama'a. Shi ya sa munka ga gara mu zauna mu ba da labarin tun daga tushe, ko wani zai tsira daga ramin da munka leƙa.

Zauren na ƙungiya ne. Ƴan kasuwa, matan adashi da matasan unguwa sunka haɗa kuɗi shekara da shekaru kafin a rufa mishi kwano. A ciki ake biki, a ciki ake tafsiri da azumi, ƴan wasan kwaikwayo da mawaƙa nan suke zuwa, mu ma wani lokaci nan muke kai shirinmu na rediyo kai tsaye. Da maganar sayen ekiran ta taso sai anka saka mu cikin kwamiti, wai mu ne munka san na'ura. Gaskiyar magana, mikoro munka sani. Mutumin da ya yi shekara goma yana magana cikin ɗakin da ba mai ganin fuskarshi, ina ya san hoto? Amma ba mu ce a'a ba, don kowa na son a ce ya iya.

Abin da ya tayar da maganar wani dare ne na bikin saukar karatu. Anka yi hayar ekiran daga wani mai sono, motarshi ta zo da yamma, yara sunka harhaɗa shi a kan dandamali. Da anka kunna, zaure duka ya yi tafi. Minti goma ba a yi ba, mutanen layin gaba sunka fara kare ido da hannu. Ashe ekiran ɗin na waje ne, irin wanda ake kafawa a fili lokacin kamfe ko kallon ƙwallo, an yi shi ne don ya yi gasa da rana. Waɗanda ke kusa ba fuska suke gani ba, ɗigo-ɗigo ne ja da kore da shuɗi. Masu ɗauka da waya kuma, kowa ya duba hotonshi sai ya ga baƙaƙen layuka na gangarowa kamar ruwa a kan gilashi. Ana cikin haka kuran ya ɗauke. Anka tada gurup, ya yi tari biyu ya mutu, ya tafi da ekiran da sono gaba ɗaya. Da ƙyar anka cire ekiran daga layi, sannan lasifika ta dawo.

Da anka tashi, wata tsohuwa da ta zo tun daga ƙauye ta tare mu a bakin ƙofa, don ta san muryarmu. Ta ce: "Ɗiyana, ku ne na rediyo? To na ji karatun jikata, Alhamdu lillahi. Amma ai a gida ma ina jin ku. Ni hwa ganinta na zo yi." Munka ce: "Ki yi haƙuri Inna, in sha Allahu za a gyara." Wannan magana ta zauna mana.

A zaman farko na kwamiti, Alhajin da ya fi kowa sa kuɗi a ginin ya ce shi bango zuwa bango yake so, metir 8 a faɗi, 4 a tsawo, irin wanda ya gani a manyan zaurukan Yamai da Dubai. Ba wanda ya musa. Mu kuwa, bakinmu ya riga hankalinmu, washegari cikin shirin safe munka sanar da duk mai saurare cewa zaurenmu zai samu ekiran ɗin da ba a taɓa gani ba a jihar. Ko igiyar awo ba mu riƙa ba tukuna. Wannan laifinmu ne, ba na kowa ba.

Munka fara neman farashi. Takardun debi sunka fara zuwa ta WhatsApp, daga Yamai, daga Kano, har daga wasu kamfanonin Shenzen na ƙasar Sin, inda mafi yawan waɗannan alluna suke fitowa. Kowace takarda da harafin P da lamba a gabanshi: P2.6, P3.9, P4.8, P10. Mu a tunaninmu babbar lamba ita ce babban kaya. Wani yaro mai gyaran tele da waya a kasuwa, wanda ya taɓa aiki da masu hayar ekiran a Yamai, shi ya yi mana dariya ya warware mana. Ya ce lambar nan tazara ce tsakanin ƙwayar fitila da ƴar uwarta, da milimetir. P10 na nufin milimetir 10 tsakanin ɗigo da ɗigo, shi ya sa mutanen gaba sunka ga ƙwayoyi a daren saukar. In lamba ta yi ƙasa, ƙwayoyin sun matsu, hoto ya yi laushi, kuɗi ya hau. Kuma akwai wani awo mai sauƙi da masu sana'ar ke amfani da shi: lambar P, ka maida ta metir, kusan nan ne mafi kusa da ya kamata mutum ya zauna. P3.9, kujerar farko ta kai metir 4 daga allo. P10, sai metir 10.

Ranar nan munka ɗauki igiya da alli munka shiga zaure, mu da yaron. Daga bangon dandamali zuwa layin farko, inda manyan baƙi ke zama, metir 5 ne. Zuwa kujerar ƙarshe ta ɓangaren mata, inda Inna ta zauna, metir 24. Ya ce don wanda ke baya ya ga fuska sosai, tsawon allo kada ya gaza kashi ɗaya cikin takwas na nisan kujerar ƙarshe. Ashirin da huɗu a raba takwas, metir 3. Sai munka ɗaga kai munka dubi rufi. Ekiran dole a ɗaga shi sama da kan mutanen da ke zaune a dandamali, in ba haka ba rawanin mai wa'azi ya rufe rabin hoton. In an ɗaga shi, an ɗora metir 4 na Alhaji a kai, sai ya bugi ƙarfen rufi. Wato tun kafin a zo maganar kuɗi, ginin da kanshi ya ƙi.

Waɗannan alluna ba guda ɗaya ba ne kamar tele. Akwatuna ne ake jerawa, mafi yawa santimetir 50 a kan 50, a ɗaure su da juna. Metir 5 a kan 3 akwati 60 ke nan, goma a jere, layi shida. A P3.9 kowane akwati yana da ɗigo 128 a faɗi, 128 a tsawo, allon duka ya ba da 1280 a kan 768. A P2.6 kuwa ɗigo 192 ne, allon ya ba da 1920 a kan 1152, ƙwayoyin sun ninka sau biyu har da ɗori. Mun so P2.6, ba za mu ɓoye ba, a bidiyon masu saidawa kamar ka taɓa fuskar mutum. Amma da munka samu inda anka kafa P3.9 munka ja baya taki shida, ba mu ga ƙwaya ko guda ba. Kuɗin da za a ƙara, don wanda zai manna hanci a allo ne, kuma a zaurenmu ba mai zama nan. Wanda zaurenshi ƙarami ne, ko ɗakin taron ofis inda ake nuna ƙananan rubutu da lissafi, shi lissafinshi daban.

Maganar haske ba ta ɗauke mu lokaci ba, tunda mun riga mun sha wuyarta. Ana auna shi da abin da suke ce ma nit. Na cikin ɗaki yana wajen 800 zuwa 1,500, na waje 5,000 ko fiye. Wani mai saidawa ya ce mu sayi na waje mu riƙa rage haske, wai jifa guda tsuntsu biyu, mu yi biki a ciki mu ba da haya a fili. Yaron ya girgiza kai. Ya ce in ka danne hasken na waje ƙasa sosai, a allon da ba shi da kyau launi yana lalacewa, fuskar baƙin mutum ita ke fara ɓacewa cikin duhu. Mu kuwa duk waɗanda za a nuna, fuskokinmu ne.

Sai layukan nan da sunka ɓata hoton waya. Ekiran na LED ba haske tsayayye yake bayarwa ba, yana kunnawa yana kashewa da saurin da ido ba ya kamawa, amma kamara tana kamawa. A takarda za ka ga an rubuta 1920 Hz ko 3840 Hz. Na farkon ya ishi ido, na biyun shi kamara ke so. Da ana iya cewa mi ya dame mu da kamara. Yanzu kuwa kowane biki biyu ne, wanda ake yi a zaure da wanda ake kallo a waya. Ɗan amarya na Aljeriya, wanta na Abijan, kawunta na wurin zinariya a arewa, duka ta Facebook da WhatsApp suke halarta. In hoton ya fito da zane-zane, sunan zauren ne ke ɓaci. Munka ce 3840 ko a bari, kuma ba takarda za mu yarda da ita ba, sai mun ɗaga wayarmu mun gwada.

Inda magana ta yi zafi, wurin kuran ne. A lise mun yi fizik, mushe ya cika allo da wat da amper da faransanci, munka haddace munka zuba a jarrabawa munka manta. Sai ga shi ya dawo ya same mu. Takardar allon da munka fi so ta nuna yana iya jan har wat 600 a kowane murabba'in metir in ya yi fari fat da cikakken haske, a aikin yau da kullum kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na haka. Masu saidawa ƙaramar lambar suke faɗa maka. Amma waya da gurup ba su san matsakaici ba, ranar da mai kwamfuta ya buɗe farin shafi, babbar lambar ce za ta zo. Metir 5 a kan 3 murabba'i 15 ne, kilowat 9. Na Alhaji murabba'i 32, ya haura kilowat 19. Kafin a sa sono, fitilu, fankoki da firijin ruwan sanyi.

Kuma kowa ya san inda muke. Mu nan Maraɗi da Damagaram, kuran ɗinmu mafi yawa daga Nijeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya faɗo Gazawa. Ba mu manta watan Ogusta na 2023 ba, lokacin da anka yanke shi bayan juyin mulki, gari ya koma kukan gurup da hasken waya. Ko ba rikici, a watan Afrilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40, kowa ya kunna abin da yake da shi, wuta ta yi ta sama da ƙasa. Duk wanda zai sayi ekiran a ƙasar nan, a gurup zai yi lissafinshi. Gurup ɗin ƙungiya kuwa, mun je mun karanta farantin da ke jikinshi, zai ɗauki ƙaramin allon da sauran kayan zaure. Babban sai an sayi sabo, da gazuwal ɗinshi na kowane dare. Wa zai biya? Uban amarya da ya zo haya, wanda tun farko da ƙyar ya haɗa kuɗin kujeru.

Mai aikin lantarki da munka kira ya ƙara mana wasu abubuwa da ba su cikin kowane debi: layin ekiran daban da na sono, in ba haka ba lasifika ta yi ta gurnani, wayar ƙasa ta gaskiya, a haƙa a binne ƙarfe, na'urar daidaita wuta, sannan a raba allon kashi-kashi wurin kunnawa, don in anka taso da shi gaba ɗaya yana fizgar wuta a daƙiƙar farko. Abin da ya kashe gurup a daren saukar ke nan. Sai kuma nauyi. Akwati guda kilo 7 zuwa 8, sittin sun haura kilo 400. Ƙarfen da ke riƙe da kwanon rufinmu ba don wannan anka yi shi ba, kuma mutane ne za su zauna a ƙarƙashi. Sai da mai walda ya yi mishi ƙafafu na kanshi daga ƙasa, anka kafe su a bango.

Ana cikin wannan sai ga wani dillali da tayi mai daɗi: allon da anka yi aiki da shi, metir 8 a kan 4 cif, P4.8, a kuɗin da bai kai na sabon ƙaramin ba. Alhaji ya ce: "To ga shi, Allah ya kawo." Munka tafi gani, mu huɗu. Sun saka bidiyon ruwa da furanni da motoci, abin sha'awa. Yaron ya ce ma mai kwamfutar: "Yayana, don Allah cire wanga, sa mana fari zalla." Ya yi jinkiri, ya saka. Jama'a, kamar zanen da anka yi ma faci. Nan fari, nan ruwan ƙwai, can ya ja shuɗi. Da anka sa ja zalla, sannan kore, sannan shuɗi, matattun ƙwayoyi sunka fito kamar ƙuda a kan nono. Fitilun nan suna tsufa, kuma in an canza wani yanki da wanda ba tare anka ƙera su ba, launi ba ya zuwa ɗaya. Bidiyo mai motsi yana ɓoye wannan duka. A mota wurin dawowa ba wanda ya yi magana har munka shigo gari.

Daga nan munka fahimci abin da ya sa yaron ya nace a kan kayan canji. Kowane akwati faranti-faranti ne a ciki, ana ce musu modil. Dole wata rana wani ya mutu, ga ƙurar hunturu, ga zafi, ga wutar da ba ta tsaya wuri guda. In ba ka sayi na ajiya tare da allon ba, daga tukunya guda, wanda za a aiko maka bayan shekara biyu zai zauna a tsakiyar hoto kamar haƙorin makka. Kuma yaushe zai iso? Tun 2023 iyakarmu da Benin ba ta koma yadda take ba, kaya da yawa ta Lome suke biyowa su ratso Burkina, wata da watanni. Garantin da kamfani ya rubuta daga Shenzen gaskiya ne a takarda, amma ba zai kunna maka allo ranar Asabar da dare ba. Munka sa a cikin ciniki: modil na ajiya, akwatunan wuta, katunan karɓar hoto, wayoyi. Munka zaɓi irin wanda ake cire modil ta gaba da maganaɗisu, tunda namu a jikin bango yake, ba hanyar shiga ta baya. Na'urar da ke tura hoto kuma munka ɗauki NovaStar, ba don mun san ta fi kowace ba, don ita ce yaron da abokanshi na Yamai da Kano sunka iya. Ya ce mu karɓi fayil ɗin saitin allon mu aje wuri biyu, don in ya ɓata, allon lafiyayye ma sai ya koma nuna shirme.

Zaman ƙarshe na kwamiti bai yi daɗi ba. Shugabar matan adashi, wadda tun farko ba ta ce komi ba, ta gyara lulluɓi ta ce: "Alhaji, da kai da ƴan rediyo, ku ji. Kuɗin nan har da na mai tuyar ƙosai a ciki. Ban ɗakin mata guda ne, ƙofarshi ta karye tun bara. In majigi zai yi, a sayi majigi." Maganarta tana da ƙarfi, kuma mun auna ta. Majigi ya fi araha nesa ba kusa ba, wutarshi kaɗan. Sai dai yana son duhu, mu kuwa rabin tarukanmu da hantsi ne ko bayan la'asar, tagogi a buɗe don iska. Da zaurenmu na dare ne kawai, wallahi da majigi munka ce.

Sai munka miƙe munka faɗi abin da ya fi mana wuya. Munka ce: "Ranka shi daɗe, mu munka yi shela a rediyo, mu za mu koma mu warware. Babban allo ba zai shiga ba, gurup ba zai ɗauka ba, kuma kuɗin zai ƙare ba a sayi ko waya guda ta ajiya ba." Alhaji ya yi shiru ya daɗe. Ya ce: "Yaro, kun sa na faɗa ma mutane." Munka ce mu ma mun faɗa, kuma namu ya fi nisa. Anka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu. Metir 5 a kan 3, P3.9, na cikin ɗaki. Abin da ya rage anka raba shi tsakanin aikin lantarki, kayan canji, ladan yaron na koya ma matasa biyu, da ban ɗaki biyu na mata. Washegari cikin shirin safe munka ce ma masu saurare mun yi azarɓaɓi. Wani ya kira yana dariya, ya ce ashe ƴan rediyo ma suna cin tuwon jiya.

An kunna shi a wani bikin saukar. Mun aika anka ɗauko Inna, ko da yake ba jikarta ke karatu ba wannan karon. Ta ƙi kujerar gaba, ta ce inda ta zauna wancan karon nan za ta zauna. Da kamara ta kai kan wata yarinya tana karatu, mun hango ta ta miƙa wuya, ta taɓa ta kusa da ita tana nuna allo da yatsa.

Sati uku bayan nan, ana tsakiyar wasan kwaikwayo, wani murabba'i a kusurwar hagu ya yi baƙi ƙirin. Ɗaya daga cikin matasan da anka koya ma ya hau tsani da maganaɗisunshi lokacin hutu, ya zare modil ɗin ya sa wani, kafin mai shayi ya gama zagaye. Wanda anka cire yana kasuwa wurin yaron, ya ce ƙila ya gyaru. Ranar Juma'a Alhaji ya biyo ta zauren, ya tsaya ya dubi allon, ya dubi bangon da ya rage hagu da dama, ya ce har yanzu shi dai a idonshi ya yi ƙarami. Sannan ya tambayi ko ranar 14 ga wata ba kowa, don ɗiyarshi za a kai.